Alkyabbar Malam Jelani a Cikin Adaka

Lokacin da Malam Jelani yake raye, duk gidan da za a yi saukar karatu a Ƙofar Rini, alkyabbarsa ta ulu ake zuwa aro. Bayan rasuwarsa, ɗiyarsa Bahijja ta gaji da ganin maiƙon miya a wuyan alkyabbar. Ta ninke ta cikin adaka, ta sa kwaɗo. Kowa ya zo aro, sai ta ba shi haƙuri.

Da saukar ɗanta ta matso, ta buɗe adakar. Asu ya cinye kafaɗun, ya huhhuda bayan.

Ta kai wa goggonta Zaituna, ranta a ɓace. "Goggo, har kafur na zuba. A hannun Baba ba ta taɓa yin haka ba."

Goggo ta ɗaga alkyabbar, hasken rana yana ratsa hujojin.

"Kafur ya daɗe da ƙarewa, ɗiyata. Da can duk wanda ya are ta, sai ya kakkaɓe, ya shanya, ya turara kafin ya maido. Mutanen nan da kika hana, su ne suke tsare miki ita."