Fiton Longji a Ƙofar Gida

Tun ranar da na fara ganin Longji raina bai kwanta da shi ba. Wai lauya ne a Washington, kullum cikin baƙar kwat kamar mai zuwa jana'iza, gaisuwa kuwa a tsaye ƙerere, hannu a aljihu. Amma Nanret, 'yar yayana Katung, ta ce shi take so, sai muka ja bakinmu.

Wata ranar Asabar ce Yaya zai faɗa masa ko ya turo magabatansa ko kada ya turo. Tun safe ni da uwar yarinya muke fama da gwate da naman akuya a gidansu na Upper Marlboro, kusa da Washington. Yaya ya sa babbar riga, ya zauna a falo yana jira.

Ƙarfe biyu mota ta tsaya. Muka kasa kunne mu ji ƙararrawa, shiru. Na leƙa ta taga. Gogan naka na jingine da mota, waya a kunne. Sai ya cusa yatsu biyu a baki ya tsala fito, har sau biyu. A Pankshin inda muka tashi, kare ake yi wa haka.

Ba fiton ne ya fi ƙona min rai ba. Kafin ya sauke hannu Nanret ta riga ta miƙe, takalmi ɗaya a ƙafa. Nas mai digiri biyu! Kunya ta kama ni.

Yaya ya ce, "Tun yaushe yake kiranki haka?"

"Daddy, it's just a whistle, fito ne kawai. Kowa ma haka yake yi a nan."

"Tun yaushe, na ce."

Ta sunkuyar da kai. "Shekara biyu."

Yaya ya tashi, ya kwanto Bingo, karen gidan, daga bayan gida inda yake birgima a taɓo, ya buɗe masa ƙofar gaba. Karen ya ruga ya dafe kwat ɗin nan da ƙafa biyu.

"Ga wanda ka kira nan," in ji Yaya. "In mutum kake nema, ga ƙararrawa." Ya rufe ƙofa.

Taku goma ne daga motar zuwa ƙararrawar. Nanret ta tsaya ta ƙura wa ƙofar ido. Can sai muka ji an tayar da mota.

Ta zauna, ta cire takalmin.