Rantsuwar Magini

Shekara biyu ke nan da gobara ta cinye jami'ar garin, ta bar bango huɗu tsaye ba rufi. Miles Cawthorn, maginin da ya ɗora su da hannunsa, ya san abin da ba kowa ya sani ba: wuta ta dafe kwaɓin da ke tsakanin tubalan. Da ya sa farce sai ya zubo kamar gari. In ruwa ya ƙara shiga, sanyin hunturu ya daskarar da shi sau ɗaya ko biyu, shi ke nan, ginin ya tashi aiki.

Ranar da majalisa ta zauna kan kuɗin gyara, aka kira shi ya ba da shaida. A shekarar taba, wadda ita ce arzikin ƙasar, ta yi kwantai, jiragen ruwan Ingila masu sayenta sun ƙi zuwa saboda yaƙi, kowane wakili fuska a murtuke. Abin da ya kamata ya faɗa bai wuce kalma uku ba: bangon zai faɗi.

Sai wani wakili mai gonar taba, Kanar Averill, ya karkace ya ce, "Malam magini, an ce tun farko aikin naka ne na ha'inci. Yashi ka cika, ko?"

Aka kwashe da dariya. Shi kuwa Cawthorn, Allah ya yi shi da zuciyar tsiya, gara a mare shi da a kushe gininsa.

"Ranka ya daɗe, bangon nan sai ya ga jikokinka! Ko ba rufi sai ya yi shekara hamsin. Na rantse."

"To madalla," in ji Kanar. "Ashe ba gaggawa."

Nan take aka ɗage maganar sai taba ta yi daraja.

Cawthorn ya fito jiki a sanyaye, iskar kogi tana kaɗo busassun ganye. A bakin ƙofa shugaban jami'ar, Rabaran Tunstall, ya tare shi. Cawthorn ya sunkuyar da kai yana jiran faɗa, amma tsohon sai ya kama hannunsa.

"Ɗan'uwa, ka kwantar mini da hankali. Da ma hayar gidan da muke karatu ta gagare mu. Tunda ka rantse, zan sa a kafa rumfar katako a jikin bangon. Ranar Litinin ɗalibai talatin za su koma."

Tsoro ya kama Cawthorn har cikin ƙashi. Ya buɗe baki zai faɗi gaskiya, sai ya tuna hukuncin mai rantsuwar ƙarya a gaban majalisa: a tsakiyar kasuwa ake kafe kunnensa da ƙusa a jikin gungume. Ya kai hannu ya shafa nasa.

"Litinin ɗin nan?"

"Ita fa."

"To," in ji Cawthorn, "Allah ya kai mu."