Zagayen Manaja

"Riƙe masa kai, Tela. Ba ya cizo sai ya ga kana tsoro."

"To ai ina tsoron, Baba."

Tela ya kama ragamar da yatsu biyu, ya ja jikinsa baya. Maƙwabcinsa, tsohon mai amalanke, yana zaune kan kifaffen bokiti, gwiwoyinsa sun kumbura sun cika wando. Likitar dabbobi ta durƙusa ta soka allura a gwiwar dokin, ta zuƙo wani ruwa rawaya-rawaya.

"Akwai wani tantani a cikin gaɓa," in ji ta. "Shi ke ba ta maiƙo. In ya kumbura sai ya yi ta tara ruwa, guringuntsi na cinyewa. Ba ya warkewa. Amma a riƙa zagayawa da shi kullum da safe, in ba haka ba ƙafar za ta sandare."

"Abin da aka gaya mini a asibiti ke nan," Baba ya ce. "Manaja, har ciwon ma sai ka kwaikwaye ni?"

Manaja yake kiran dokin, don ya bar aiki bai bar ci ba.

Kullum Tela kan hango su daga bakin shago suna fita, kowa na ɗingisa tasa. Sai wata safiya bai gan su ba. Ba gwiwar ce ta kayar da Baba ba, ƙirji ne. 'Yarsa ta dawo daga gidan mijinta don jinya, ta dubi dokin ta ce ba ta da inda za ta kai shi. Masu sayen dabbobi don nama har sun fara leƙowa ta saman katanga.

Tela ya shiga dubiya. Ɗakin na warin man zafi, an tokare taga da takalmi don Baba ya riƙa ganin turke.

"Yau bai fita ba," Baba ya ce. "Jiya ma haka."

"Ka ji da kanka tukuna."

"Dokin da ba ya tafiya wuƙa ce makomarsa. Kai ma zaman keken nan zai kashe ka. Dubi tumbinka."

"Baba, ni allura na iya."

"Shi ma ya san allura. Za ku shirya."

Washegari da rana Tela na tsakiyar ɗinki ya ji kukan 'yar Baba ta bayan katanga. Ya ɗauke ƙafa daga kan keken.

Washegarin jana'izar Baba, da safe, ya shiga ya kwance igiyar dokin.

"Kawu, ka tabbata?" 'yar ta tambaya.

"Ban tabbata ba. In masu naman sun zo, ce musu yana da mai shi."

Suka bi titi, dokin na jan ƙafa. A gaban shagon mai magani ya ja ya tsaya. Tela ya ja, ya lallasa, ya yi tsaki. Ko motsi.

Mai magani ya leƙo. "Ƙyale shi. A nan Baba ke hutar da gwiwa."

Akwai wani dakalin siminti a wurin, tsakiyarsa ya yi sumul. Tela ya zauna daga gefe, igiyar a kan cinyarsa. Dokin ya sunkuyar da kai yana jira.