Inuwar Tsahare

A hoton ƙarshe, Tsahare ta juya wa garinta baya. Ta rataye mashinta a jikin ganuwa, ta kama hanyar jeji ba ko takalmi, amma inuwarta ba ta bi ta ba. Inuwar na nan tsaye a bakin ƙofar gari, baƙa ƙirin, tana fuskantar Mayaƙan Hayaƙi da suka taso daga gabas.

"Ja gaba mana," in ji Iya Kulu.

"Ya ƙare, Iya. Sai Juma'a mai zuwa."

"Ya ƙare a ina? Yarinya ta bar gari a buɗe, ki ce min ya ƙare? Wannan mai zanen ba shi da tausayi."

Mahfuza ta yi dariya ta kife wayar a cinyarta. Labarin zane ne da wani bawan Allah, wanda ba a san ko sunansa ba, yake sakawa a intanet duk Juma'a: labarin Tsahare ɗiyar maƙeri, mai tsaron wani birni da aka gina a gadon bayan ƙaton kunkuru mai barci. Masoyan labarin sun buɗe zaure a waya, inda ake turo sabuwar fitowa da zarar ta sauka, a yini ana musu a kanta.

Tun farkon damina suke zaune a Batsari, ita da kakarta Iya Kulu, a ɗakin da Baba Bulus ya ware musu a gidansa. Sun gama shuka ke nan a ƙauyensu da ke bayan Yasore ƴan bindiga suka matsa, aka watse. Baba Bulus ɗan'uwa ne, kakanninsu ɗaya, wani reshe ya bi masallaci, wani ya bi coci. Mahfuza ta gama kwalejin horar da malamai, aiki bai samu ba, amma ko sau ɗaya ba ta yarda an kira ta ƴar gudun hijira ba. Ranar da masu rabon kayan agaji suka ce a tsaya a ɗauki hoto da buhu a gaba, ajiye buhun ta yi ta dawo gida hannu wofi, ta ce su baƙi ne a gidan danginsu.

Iya Kulu kuwa da suka zo, shiru ta yi kamar an ɗauke mata harshe. Ta zauna a ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida tana kallon yamma. Sai ran nan ta leƙa wayar Mahfuza ta ga kunkurun, ta tambaya ko su mutanen garin ba su tsoron ya juya. Daga ranar bakinta ya dawo.

"Karanta mana abin da mutane ke cewa," in ji Blessing, ɗiyar Baba Bulus, wadda ke tsintar wake a faifai.

Mahfuza ta buɗe zauren. "Wani daga Zariya ya ce ta sayar da inuwar ne ga Sarkin Hayaƙi. Wata kuma ta ce ai tun farko inuwar ce ke yaƙin, ita Tsahare riƙon mashi kawai take yi."

"Duk ba su gane ba," in ji Blessing. "Soyayya ce. Wajen Yero za ta, makiyayin gajimaren nan. Ba ku ga irin kallon da ta yi masa a bakin rijiya ba?"

"Wannan mai ƙafa kamar sillen kara?" Iya ta taɓe baki. "Allah ya sawwaƙe wa Tsahare."

"To ni ga nawa," in ji Mahfuza, ta gyara zama irin na mai koyarwa. "Hankali ta yi. Ta duba ta ga garin ba zai tsaru ba, ta fita da ranta. Za ta je ta kafa wani a gaba. Gari ai mutane ne, Iya."

"Ƴar boko ke nan. Komai sai ki nemo masa dalili mai takalmi da safa." Iya ta miƙe ƙafafunta a tabarma. "Wadda za ta tafi gaba ɗaya ba ta barin inuwarta. Ajiya ta yi. Za ta dawo."

"Ba za ta dawo ba."

"Za ta dawo, ƙawata. Kuma ki ji da kyau, Blessing shaida ce. Ranar da Tsahare ta koma garinta, ni ma ranar zan koma nawa. Gerona ya nuna, tsuntsaye ke biki a kansa. In ba ta koma ba, na haƙura, ba za ki sake jin maganar daga bakina ba."

Blessing ta daina tsintar waken. Maganar komawa ba sabuwa ba ce, kusan kullum sai an yi ta, Mahfuza na hanawa, Iya na cewa wa zai ɗauki tsohuwa irinta, ai ciyar da ita ma asara ce. Amma yau ne ta fara ɗaura ta da alkawari, kuma duk gidan an san Iya Kulu ba ta mayar da magana.

Mahfuza ta ɗaga kai. "Na yarda."

Kafin Juma'ar ta zagayo, aka katse layukan waya a yankin gaba ɗaya saboda matsalar tsaro. Aka wayi gari wayoyi sun zama fitila da agogo. Mutane na ta kokawa, masu ƴaƴa a kudu, masu jiran saƙo. Mahfuza ta taya su jajantawa da baki, a ranta kuwa har da hamdala.

Sai dai mutanen Batsari ba su rasa dabara ba. Armaya'u direba, mai jigilar Katsina, ya fara bin gidajen unguwar da safe da jaka a kafaɗa. Kowa ya ɗaura wa wayarsa ƙyalle mai launi don kada a rikita, ya jefa a ciki. In ya isa tasha a Katsina sai ya jera su a kan motar ya kunna, ya ce sai ka ji suna ta tsuwa kamar ƴan tsaki, saƙonni na zuba. Da la'asar ya dawo ya raba wa kowa tasa.

"Ba shi taki mana," in ji Iya.

"Babu caji."

Washegari Blessing ta kai ta wajen mai caji ta dawo da ita a cike.

"Wayata ba ta yawo a jakar mutane," in ji Mahfuza.

Kwanaki suka shige a haka. Da yake babu sabuwar fitowa, sai musun ya yi ta tsiro a gidan kamar kabewa a juji. Matan maƙwabta da ke shigowa aron turmi suka ɗauki ɓangare. Har Baba Bulus, wanda ya sha cewa shi ba ruwansa da wasan yara, ya dawo daga coci ran Lahadi ya tsaya a tsakar gida da Littafi a hammata, ya ce shi a ganinsa duk sun manta da kunkurun. Ranar da ya farka ya miƙe da garin, ai Mayaƙan Hayaƙi sai su nemi wani aikin.

Iya ta yi dariya har da tari. Amma Mahfuza na lura da ita. In hadari ya taso daga yamma sai ta yi shiru, leɓunanta na motsi. Tuwon masarar da ake saye a kasuwa kuwa loma kaɗan take yi ta ture.

Wata safiya Armaya'u ya yi sallama a ƙofa. Iya ta amsa masa gaisuwa doguwa, ta tambayi iyali da hanya da gajiya, sannan ta ɗaga murya yadda duk gidan zai ji.

"Wuce abinka, ɗan nan. Mu nan gidan an yi karatu mai zurfi, har an kai inda ake tsoron hoto."

Mahfuza na wanke-wanke. Ta tsame hannunta, ta goge a zani, ta shiga ɗaki. Ta fito da wayar ɗaure da jan ƙyalle, ta miƙa wa Armaya'u ba tare da ta kalli kowa ba.

"Ka kunna mata data kawai, Malam Armaya'u. Sauran za su sauka da kansu."

Yinin nan bai yi mata sauri ba. Da la'asar wayar ta dawo da ɗuminta na mota. Mahfuza ta zagaya bayan madafa, Blessing na biye da ita, suka haɗa kai a kan allon.

Tsahare ta koma. Ga ta nan da hantsi tana tahowa daga jeji, ƙafafunta duk ƙaya. Ta taka inuwarta, inuwar ta manne mata a dugadugai. Ta zare mashinta daga jikin ganuwa.

Blessing ta dafe ƙirji. "Goge shi," ta ce a hankali. "Ki ce bai sauka ba. Wa zai sani?"

Mahfuza ta ɗora yatsa a kan hoton. Abu ne mai sauƙi. Iya ba ta karatun boko, ba ta san inda ake dannawa ba. Ta tuna hanyar bayan Yasore, inda dawa ke rufe mutum ta kowane gefe, ba ka ganin mai zuwa sai ya iso. Sai ta janye yatsan.

"Tun ina goye a bayanta ba ta taɓa yi min ƙarya ba. Ba zan ci ta da zamba ba."

"To sai ki bar ta ta tafi?"

Mahfuza ta miƙe da wayar a hannu. Ta fito tsakar gida, ta zauna a gefen tabarmar, ta karanta fitowar tun daga farko, da murya irin wadda ta saba, ba ta rage ko kalma ba. Da ta zo inda Tsahare ke ce wa mutanen gari, "Ba gudu na yi ba, na je ne in hango garina daga nesa, in san abin da nake tsarewa," sai Iya ta rangaɗa guɗa da ƴar muryarta ta tsufa, har kajin gidan suka watse.

"Me na ce? Blessing, me na ce? Ina mai ƙafar sillen kara? Ina mai kunkuru? A kira min Bulus!"

"Kin ci, Iya," in ji Mahfuza. "Akwai a-kori-kura da ke zuwa Yasore da sassafe. Daga nan sai mu taka da ƙafa."

Iya na cikin dariya ta tsaya. "Mu taka? Ke da wa?"

"Ni da ke."

"Wa ya gayyace ki? Ke da ba ki iya yankan gero ba."

"Na iya ɗaukar dami."

"Ba ki zuwa ko'ina."

"Alkawarinki ya ce za ki koma. Bai ce ke kaɗai ba. Blessing shaida ce." Mahfuza ta kalle ta ido cikin ido. "Inda kika kwana nan zan kwana, Iya. In kin shiga gona ina bayanki."

Iya Kulu ta dubi jikarta, tun daga ɗankwali har zuwa ƙafa, doguwar budurwa mai ɗaurin zani a tsaye da taurin kai irin na gidansu. Ta daɗe tana dubanta. Sannan ta juya ta dubi yamma, inda rana ta fara ja a kan itatuwa.

"Miƙo min wayar nan."

Ta kawo ta dab da idonta, ta karkata kai.

"Buɗe min hannun nan nata. Ƙara." Ta yi tsaki. "Na faɗa. Wannan ba Tsahare ba ce."

"Iya!"

"Tsahare bahaguwa ce. Wannan kuwa da dama ta ɗauki mashi. Mayaƙan Hayaƙi ne suka yi shigarta don a buɗe musu ƙofa. Ta gaskiyar tana jeji har yanzu."

Mahfuza ta bi labarin nan tun fitowarsa ta farko, ta san Tsahare ba ta taɓa riƙe mashi da hagu ba. Blessing ma ta sani, har ta buɗe baki, Mahfuza ta take mata ƙafa.

"Kuma fa kamar haka ne," in ji Mahfuza a hankali. "Ban lura ba."

"Ina za ki lura? Ku rubutun kawai kuke bi." Iya ta mayar mata da wayar. "Sai mun ga ta Juma'a."

"In ta Juma'ar ma ta nuna ita ce fa?"

"Sai mu ga ta gaba. Mai zanen nan ba a yarda da shi. Ki rubuta musu a zauren naku, ki ce Kulu ce ta gano."

Ta gyara lulluɓinta, ta ɗan juya zamanta a tabarmar.

"Blessing, in akwai sauran tuwon masarar nan, ɗumamo min. Ki sa yaji da yawa, ko zai wuce."