Madubin da Tela Ya Zaɓa

Mai shagon yana ta bayani, tela yana gyaɗa kai. Madubin hangen taurari iri biyu ne a gabansu. Babban, in ji mai shagon, bakinsa ya fi faɗi, ya fi tara haske, har zoben da ke kewaye da wata duniya zai nuna, sai dai nauyi gare shi kamar buhun siminti. Ƙaramin kuwa wata da ramukansa kawai, amma hannu ɗaya ya ishe shi.

Daga asibitin ido tela yake. Likita ta gaya masa jijiyar ce ke mutuwa, ta hagu ta riga ta tafi, ta dama tana bin sawu, kuma babu aikin da zai dawo da ita. Ya yi godiya, har ya yi mata sannu da aiki. A hanya ya jira kuka ko tsoro, bai ji komai ba, ƙafarsa ce kawai ta kawo shi nan. Shekara da shekaru yana wuce shagon yana leƙe ta gilashi. Matarsa har tsiya take masa, wai mai laluben kafar allura ne zai gano taurari.

Mai shagon ya jawo babban zuwa bakin ƙofa, ya saita shi kan wani dogon ƙarfen sadarwa can nesa, ya ce a gwada. Tela ya kafa idon dama, ya murɗa, ya sake murɗawa. Fari-fari kawai, da wani baƙin ɗigo a tsakiya.

"Ka ga tantabarar?"

Ya ce ya gani.

Waya ta yi ƙara a aljihunsa. Matarsa ce, ya san abin da za ta tambaya. Ya bar ta ta katse don kanta. Mai shagon ya ci gaba da yabon babban, ya ce wannan sai dai jikoki su gada, in dai akwai mai ƙarfin fitar da shi tsakar gida.

Tela ya ɗaga ƙaramin, ya jinjina, ya ajiye.

"Mace mai ciwon baya za ta iya ɗaukar wannan ita kaɗai?"

"Sosai ma. Ai na ɗauka naka ne, Baba."

"Nuna min yadda ake saita shi," in ji tela. "A hankali, yadda zan iya koya wa wani."