Tsayawar Nicanor a Kwana ta Uku

Shekara ashirin da shida Nicanor Ccanto ya yi yana mataimakin direba a layin dogon Quillapata, kuma sau biyu yana faɗuwa jarrabawar zama direba. Wannan ta uku ita ce ta ƙarshe, domin hukumar jirgin ƙasa ba ta gwada wanda ya kai hamsin da biyar, shi kuwa saura masa wata huɗu. Tumbinsa dai ya riga ya ci, don duk wanda ya hango shi sai ya ɗauka tsohon direba ne. Takardar ce ta ƙi.

Layin kilomita sittin da ɗaya ne, daga Quillapata, garin haƙar ma'adinai da ke ƙolin dutse, zuwa Santa Rufina, inda ya haɗu da babban layi. Mu mutanen Quillapata muna faɗin adadin nan da ƙarfi kamar mu muka shimfiɗa shi, alhali yawancinmu ko ƙofar gida ta karye sai mun kira wani. Kakanninmu ne suka yi aikin, da diga da jakuna, shekara goma sha biyu. Sun huda dutse a wuri tara. Inda ya ƙi hudawa sai suka lallaɓa shi: jirgi ya yi gaba, ya tsaya, a juya masa layi, ya gangara da baya. Irin wannan kwanar huɗu ce.

A ta uku ne ƙasa ta taɓa rufta wa ma'aikata goma sha bakwai. Tun daga lokacin, kowane direba mai gangarowa yakan sauka a nan ya zuba musu giyar masara a kan ƙafar tarago. In ta yi cuuu ta ƙafe, matattu na jin ƙishirwa, sai a jira a sake zubawa. Ba a tashi sai ta gangara har ƙasa. Jadawalin hukuma kuwa minti biyu ya ba wa kwanar, kuma lattin da ya wuce minti biyar faɗuwa ne. Abin da ya kayar da Nicanor ke nan har sau biyu.

Mai gwajin bana matashiya ce daga babban birni Lima, Injiniya Maritza Olaechea, da agogo a hannu da ciwon kai irin na baƙon tsauni. Don Fortunato, tsohon direban layin, ya zauna a gefensu cikin kan jirgin yana taunar ganyen koka.

"Na ji ka yi wa Hermelinda rantsuwa yau ba za ka tsaya ba," in ji shi. "Matattu suna yafewa, ɗan'uwa. Matarka ce ban sani ba."

"Don Fortunato, ka bar ni in ji da abu ɗaya."

"Wane ɗaya? Tumbin ko jirgin?"

Sun wuce kwana ta farko da ta biyu daidai da agogo. Tarago shida cike da ma'adinai suna danno su, Nicanor yana ta lallashin birki. Da suka iso ta uku aka juya layi, sai ya kai hannu zai saki birki, hannun ya ƙi. Ya dubi kwalbar da ya rantse bai taho da ita ba, tana leƙowa daga jakarsa.

"Injiniya, ki yi haƙuri," ya ce. Ya sauka.

"Señor Ccanto, agogo yana tafiya!"

"Na sani, ranki ya daɗe. Mun saba da juna."

Ta biyo shi tana haki. Ya cire hula, ya zuba. Giyar ta yi tsalle a kan ƙarfe, ta zama tururi nan take.

"Yau ƙishirwar da yawa," ya ce cikin sanyin murya.

Injiniya ta kai tafin hannu kusa da ƙafar taragon, ta janye da sauri. Ta leƙa ƙasa, inda layin ya miƙe a gangare mafi tsanani har zuwa siririyar gadar kwazazzabo.

"Kullum kuke yin haka?"

"Tun kakanni," in ji Don Fortunato daga taga.

"Birki ya taɓa ƙwace wa wani a gangaren can?"

"Haba, 'yata. Ga masu tsaronmu?"

Ta karɓi kwalbar, ta bi taragon ɗaya bayan ɗaya tana zubawa. Sai a zubi na huɗu giyar ta gangara har ƙasa. Minti goma sha shida suka yi latti.

A tashar Santa Rufina ta miƙa masa takarda. Ya ci. A gurbin dalilin latti ta rubuta: gwajin zafin birki, a sa shi cikin jadawali.

Nicanor ya karanta sau biyu, ya ɓata rai.

"Injiniya, wannan fa ba gwajin birki ba ne."

"Kana so in gyara?"

Ya tuna Hermelinda. Ya ninke takardar, ya cusa ta can ƙasan aljihu.

"A'a, bar shi. Matattun ai ba su iya karatu ba."