Ƙarfe a Ƙirjin Tela

Ita ke tuƙi ranar. Maigidanta ya ce kansa na sarawa, ya miƙa mata mukulli, ya kwantar da kujera yana tsokanarta, wai tela ce, kada ta zaci keken ɗinki take takawa. Ba su yi nisa ba tayar gaba ta fashe. Motar ta daki bangon gada, sitiyari ya daki ƙirjinta.

A asibiti likita ya ɗaga hoto ya nuna wa yayarta. Ƙashin ƙirji ya rabe biyu, ɓari ya hau kan ɓari, kowane numfashi sai ya motsa.

"Ba zai haɗe da kansa ba," in ji shi. "Sai mun buɗe, mun daidaita, mun ɗaure da ƙarfe."

Ana tura ta ɗakin tiyata ta kamo gefen mayafin yayarta. "Yaya, ina Baban Auta?"

"Yana ɓangaren maza. Ke dai ki ji da kanki."

Ta farfaɗo da ɗinki tsakiyar ƙirji da wata roba mai tsiyayar jini. Nas ta ba ta matashi. "In tari ya zo ki rungume wannan. Wata biyu ko buta ba za ki ɗaga ba."

Kwana huɗu tana aika masa gaisuwa, Yaya tana dawowa da amsa. Rana ta biyar surukarta ta shigo, idanu sun kumbura, ta zauna bakin gado, ta daɗe ba ta tashi ba. Tela ta ƙura mata ido. Uwar da ɗanta ke kwance ba ta zama haka.

"Mama, yaushe?"

Tsohuwar ta sunkuyar da kai. "Tun a wurin, 'yata. Likita ya ce mu bari sai kin ɗan yi ƙarfi."

Kuka ya taso mata, ciwo ya tare shi. Ta ƙanƙame matashin, hawaye na gangarowa cikin kunnenta.

"Ni nake tuƙi, Mama."

"Na sani. Taya ce ta fashe. Kwanansa ne ya ƙare."

Bayan sallama tsohuwar ta kwaso kayanta ta tare a gidan. Ita ke mata wanka, ita ke goya Auta. Ƙashin ya haɗe lafiya, likita har yabawa ya yi. Amma tsohuwar ba ta koma gidanta ba, tela kuwa ba ta taɓa tambayarta yaushe za ta tafi ba.